Kafanchan: Abin da mai binciken cibiyoyin ƙananan rance ya kamata ya sani

Garin Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun cikin shekarun 1920. Bayan da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, sai jama'a da dama suka koma ga noma da ƙananan sana'o'i, abin da ya sa neman jari ya zama babbar bukata a yankin.

Cibiyar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, John Dada na cikin jagororinta. Mazauninta yana unguwar Bayan Loko, wato bayan wurin gyaran kawunan jirgi. Ta shahara da bai wa matan karkara rance a ƙungiyance, tare da haɗa shi da koyar da kwamfuta da kiwon lafiya. A 2001 shirinta na cibiyar koyo ta Bayan Loko, ƙarƙashin Kazanka Comfort, ya samu lambar yabo ta Hafkin daga ƙungiyar APC mai harkar sadarwa ta duniya.

Abu na farko ga baƙon da ya zo bincike shi ne bambance irin cibiyar da ke gabansa. Manufar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a Disambar 2005, wadda aka sabunta a 2011, ta ware bankunan ƙananan rance masu lasisi, waɗanda hukumar NDIC ke yi wa ajiyarsu inshora, daga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ba a yarje musu karɓar ajiyar jama'ar gari ba. Baya ga waɗannan akwai ƙungiyoyin gama kai, akwai kuma adashi, wanda ya girme su duka. Matar da ta karɓi rance sau da yawa tana cikin biyu ko uku a lokaci guda, kuma littafin ofis ba zai nuna hakan ba.

Batun kuɗin ruwa ya fi bukatar natsuwa. A ɗauki misalin rancen naira 100,000 na wata 6 a kan kashi 5 cikin 100 kowane wata. Idan ana lissafin ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, mai rance zai biya naira 30,000. Idan kuwa a kan abin da ya rage ake lissafawa, ana rage uwar kuɗin daidai wa daida, naira 17,500 ne kawai. Adadin da aka rubuta a takarda ɗaya ne, amma nauyin ya kusa ninkawa. Haka nan yawan masu biya a kan kari ba hujja ba ce ta cewa sana'a ta ci gaba, domin mai yiwuwa ne an sayar da akuya, ko an ci wani bashin, don gudun jin kunya a gaban 'yan ƙungiya.

Lokacin biya ma abin dubawa ne. Kachia da Jaba da Kagarko ƙasar citta ce, amfanin da ke shafe watanni kafin a haƙa, don haka biyan mako-mako da ya dace da mai tuyar ƙosai yana iya takura manomi. Cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta nuna yadda asara ɗaya ke shafar masu rance na ƙauye guda baki ɗaya, kamar yadda ƙonewar kasuwar Kafanchan a rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ta yi wa 'yan kasuwa.

Daga Kaduna ana bin hanyar Kachia da Zonkwa, kuma tafiyar rana ta fi, bayan an tuntuɓi mutanen gari game da tsaro. Hausa ce harshen da ya haɗa Fantswam da Bajju da Atyap da Ham a kasuwa. Ya kamata a fara gaisawa da dagaci ko mai unguwa, a nemi izini kafin ɗaukar hoto ko murya, sannan a zanta da masu rance ba a gaban jami'in da ke karɓar kuɗinsu ba.