Robin Graham da Kurciyarsa: Tarihin Yaron da Ya Zaga Duniya ta Teku

A ranar 27 ga Yuli 1965 wani yaro ɗan Amurka mai suna Robin Lee Graham ya kwance jirginsa daga gaɓar Kalifoniya, ya fuskanci Tekun Pasifik shi kaɗai, yana da shekara 16. Jirgin nan ƙafa 24 ne tsawonsa, watau bai kai motar lodi ba, kuma iska ce ke tura shi. Sunansa Dove, wato Kurciya. Abokan tafiyarsa 'yan kyanwoyi ne guda biyu. Bai sake ganin wannan gaɓa ba sai ranar 30 ga Afrilu 1970, bayan ya yi tafiyar mil fiye da 30,000. Mutane da yawa sukan ba da wannan labari don nuna ƙarfin buri, amma wanda ya bi shi daki-daki zai ga buri fitar da yaron kurum ya yi daga gida. Sani da haƙuri su suka komo da shi.

Da fari dai, Robin ba baƙon ruwa ba ne. Tun yana ɗan shekara 13 ubansa ya ɗebi iyalinsa suka yi yawon tsibiran kudancin Pasifik a jirginsu, a nan ne ya koyi tuƙi da gyara da lissafin hanya. Da suka komo, makaranta ta fita ransa. A farkon 1965, suna zaune a Hawai, shi da abokansa biyu suka sami wani tsohon kwalekwale suka gudu. Hadari ya tarar da su, kwalekwalen ya tarwatse a gaɓar tsibirin Lanai, da kyar suka tsira. To, a nan uban ya yi shawara: yaron da zai tafi ko an so ko an ƙi, gara ya tafi da jirgin kirki. Wannan ne asalin sayen Kurciya.

Mai karatu ya tuna, a wancan zamani babu na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna wa matuƙi inda yake. Sai dai ya auna tsayin rana daga gefen sama da ƙaramar na'ura, ya dubi agogo, ya buga lissafi, sa'an nan ya ɗiga alama a taswira. In ya yi kuskure kaɗan, sai ya wuce tsibirin da yake nema bai sani ba, ruwan sha kuwa ya ƙare. Da wannan lissafi Robin ya je Samowa da Tonga da Fiji, har ya kai Darwin a Ostireliya.

Sau biyu dogon sandan da ke riƙe da ƙyallen iska yana karyewa. Na farko kusa da Samowa, na biyu a tsakiyar Tekun Indiya a 1967. A karo na biyun nan har ya faɗa ruwa ba igiya a ƙugunsa, Allah ya sa ya kama jirgin ya hau. Ya harhaɗa guntun sanda da ɗan ƙyalle, ya lallaɓa haka nan har tsibirin Morishas. Amma abin da ya fi hadari cin ransa shi ne kaɗaici. Yakan yi makonni ba wanda zai ce wa uffan sai kyanwa da rakodar da yake ɗaukar muryarsa.

A Fiji ya gamu da wata budurwa 'yar ƙasarsu, Patti, suka yi aure a Afirka ta Kudu. A nan ne burin ya mutu. Robin ya so ya ajiye tafiyar, domin abin da ya fito nema, watau 'yanci, ya riga ya samu. Sai dai kuma tafiyar ta daina zama tasa shi kaɗai. Ubansa ya sa rai, mujallar National Geographic tana buga labarinsa, masu karatu suna jira. Ya daure ya ƙetare Atlantika, ya canja jirgi a tsibiran Karebiyan ya sami mai ƙafa 33, ya ratsa mashigin Panama, ya iso gida yana da shekara 21.

Abin da ya yi bayan haka abin lura ne. Littafinsa ya fito a 1972, aka yi fim da shi a 1974, amma shi sai ya juya wa teku da ɗaukaka baya. Ya ɗan taɓa karatu a Jami'ar Stanford ya bari, ya koma duwatsun Montana da matarsa, ya kama aikin gini da kafinta.

Matasa sun biyo sawunsa, amma duniya ta canja. A 2009 kotu a Holan ta hana Laura Dekker fita tana da shekara 13, sai a 2010 aka sake ta, ta gama zagayen a Janairu 2012. A 2010 kuma sandan jirgin Abby Sunderland ya karye a Tekun Indiya, sai da jirgin masunta na Faransa ya cece ta. Gardamar ko ya halatta iyaye su bar yaro ya jefa ransa haka ba ta ƙare ba.

Mu ɗalibai, abin da za mu ɗauka a nan shi ne, buri ba ya daɗewa da zafinsa. Wanda ya fito da shi kaɗai, ranar da sanda ya karye sai ya tsaya. Wanda ya haɗa da sanin aiki, shi ke ɗaure guntun ya ci gaba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Allah ya ba mu haƙurin gama abin da muka fara, amin.