Ƙasar Bargu da Sha'anin Mulkinta

Ƙasar Bargu tana yamma da kogin Kwara, daga wajen Illo a arewa har iyakar ƙasar Yarabawa a kudu. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, amma mutanenta kaɗan ne. A dā matafiyi yakan yi tafiyar yini bai ga rufin ɗaki ba, sai itatuwan kaɗanya da ɗorawa da sawun namun daji. Ƙudan tsando ya yi yawa a bakin rafuka. A zamanin dā, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun san ta sarai, gama ta nan hanyarsu take, ba su kuwa shigarta sai da babban ayari, don tsoron kibiyar Bargawa mai dafi.

Tun dā manyan sarakunanta uku ne, na Busa da na Nikki da na Illo, dukansu suna cewa su zuriyar Kisra ne. Cikin 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Kayama suka zama na Ingila.

To, a wancan zamani mulkin En'e da haraji yake tafiya, ƙasar da ba ta da jama'a kuwa ba ta cika baitulmali. Ga ƙauyuka nesa da juna, rangadi da wuya. Turawa kuma suka ga Sarkin Busa Kitoro Gani ba ya riƙe aiki yadda suke so. Cikin 1915 suka tuɓe shi, suka sa Busa ƙarƙashin Sarkin Yawuri, suka naɗa Turaki, wanda asalinsa bawa ne, ya zama hakimi. A takarda dai shiri ne mai sauƙi. Amma mutanen da ko jihadi bai ci su ba, ina za su yarda da wannan? Shekarar ba ta ƙare ba wani ɗan sarki, Sabuki, ya tara jama'a suka faɗa wa Busa, suka kashe waɗansu daga cikin sababbin masu sarauta. Aka aiko soja, ba su kama shi ba. Daga bisani aka raba Busa da Yawuri, Bargu ta koma Lardin Ilori, aka mayar da Kitoro Gani gadonsa cikin 1924.

Cikin 1968 ruwan madatsar Kainji ya cinye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, mutanen suka ƙaura zuwa Sabuwar Busa. Cikin 1991 kuma aka sāke yanka ƙasar, Busa ta shiga Jihar Neja, Kayama ta zauna a Jihar Kwara.