Nauyin baki

nauyin baki (suna, namiji)

1. Jin kunyar faɗin abin da ke rai, musamman a gaban manya.

2. Jinkirin fara magana ga ƙaramin yaro. Misali: *Ɗan autanta yana da nauyin baki, ya shekara 2 bai ce "mama" ba.*

Jariri kan fara gwaranci wajen wata 6, ya furta kalmar farko kusan shekara 1, a shekara 2 kuma ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni". Wanda ya wuce wannan lokaci sosai, a fara duba kunnensa, domin yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Kunne mai zubar da ruwa, sanƙarau, ƙyanda da shawara mai tsanani bayan haihuwa duk suna iya taɓa ji. Wani kuma jinsa lafiya lau, matsalar tana ga bunƙasar ƙwaƙwalwa.

A Naraguta da ke Jos, inda yaro kan tashi yana jin Hausa da Turanci da harshen Anaguta, akan ɗora laifin a kan yawan harsuna. Wannan kuskure ne, harsuna da yawa ba sa hana yaro magana. Garzayawa wurin wanzami a yanke linzamin harshe ma ba ya magance abin da ke kunne, sai dai ya jawo zubar jini. Abin takaici shi ne shekarun da ake ɓatawa ana cewa "zai yi", alhali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Duba kuma: gwaranci, in'ina, kurma.