Daga laso da makuba zuwa fentin gwangwani: abin da bangon kakata ya koya mini

1/ Daminar bara fentin ɗakin kakata a Wurno ya kumbura ya zubo, sai ka ce ɓawon rogo. Ni na kawo shawarar a yi shi, da kuɗin da na tara a hutu. Neman dalilin zubowarsa ne ya jefa ni cikin tarihin da zan ba ku yau.

2/ Ɗakin na ƙasa ne, ginin tubali. Muka sa aka yaɓe shi da siminti ciki da waje, aka bi da fentin mai, kore shar. Ranar da aka gama ta shafa bangon ta ce: "Maigida, kun toshe mai hanci. Bangon ga da mi za shi numfashi?" Dariya na yi. Ashe ni ne abin dariyar.

3/ Mu fara da ƙasar kanta. Wurno da Goronyo a bakin gulbin Rima suke, Rabah kuma, garin haihuwar Sardauna, tana bakin gulbin Sakkwato. Fadamar da ke ba mu shinkafa da albasa da tafarnuwa ita ke tura laima cikin gindin bango. Magininmu tun fil azal da ruwa yake kokawa.

4/ Kuma Wurno ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Aliyu Babba ma nan ya zauna, a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. Babu siminti lokacin. To da me aka tsare soraye?

5/ Na farko, makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja-ja-ja, a kwaɓa ƙasa da shi a yi yaɓe. In ya bushe sai ya yi tauri ya yi duhu, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Da irin ruwan nan, ko na bagaruwa, mata ke yayyafa daɓe.

6/ Na biyu, laso, simintin Bahaushe. Haɗinsa uku: katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin karofi, a busar a ƙone, gashin awaki daga majema, sai yauƙin dafara. Da shi ake shafe cikin rijiyar marina da saman soro, wuraren da ruwa ke zama.

7/ Ku lura da wani abu. Kafin magini ya samu laso, sai marini ya yi rini, sai majemi ya jeme fata. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ta ratsa Sahara har Turai ana ce mata fatar Maroko, gashinta kuma ya tsaya gida yana riƙe mana rufi. Ba abin da ake zubarwa.

8/ Cikin ɗaki kuwa aikin mata ne. A lailaye bango da ƙasa mai laushi, a jiƙa farar ƙasa a shafe da tsumma, a zagaye gindinsa da jar ƙasa. Sannan amarya ta yi jerenta. Sirrin shi ne wannan shafe ba ya kulle bango. Ya sha laima da damina, ya fitar da ita da rani.

9/ Amma kar mu yi wa da ƙarya. Aikin akwai wahala. Kusan duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an gyara indararo. Farar ƙasa na ɓata riga in ka jingina. Gara na cin azara. Wanda ya gudu zuwa siminti ba wawa ba ne, hutu ya nema.

10/ Siminti ya matso kusa da mu da aka fara sarrafa shi a Kalambaina a 1967. A gefe guda yadin kanti da rinin Bature suka kashe kasuwar marina. Karofi ya mutu, katsi ya ɓace, laso ya bi shi. Ba wanda ya hana laso, kayan haɗinsa ne suka ƙare.

11/ Sai ruwan ma ya sake hali. An gama dam ɗin Goronyo a 1984, noman rani ya bunƙasa. A Satumbar 2010 kuma aka yi ambaliyar da ta cinye ƙauyuka a Goronyo da Wurno, ta yanke gadar shiga Jami'ar Danfodiyo. Ina yaro lokacin, amma ban manta ƙarar faɗuwar katanga cikin dare ba.

12/ Bayan nan mutane da yawa suka yanke wa ginin ƙasa hukunci. Mai hali ya yi bulo. Marar hali, irinmu, ya lulluɓe ƙasar da siminti da fentin mai. Laima ta hau daga ƙasa ta rasa mafita, ta jiƙa tubali daga ciki, yaɓen ya saki. Abin da ya faru da ɗakin kakata ke nan.

13/ Yanzu ga sabon yayi: allon jifsam da ake kafawa a bango da silin. Mai koren baya an yi shi ne don jure laima. Abin mamaki, masana ƙasa sun raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsun yankin nan suna Taloka, Dukamaje da Wurno, kuma a na Dukamaje akwai jifsam ɗin.

14/ Sai dai jure laima daban, hana ruwa daban. Mai aikin da ya duba mana ya ce: a fara kashe hanyar ruwa, kar allo ya taɓa daɓe, a cike mahaɗa da foti a bari ya bushe, a goge da samfefa, a yi shafin farko, sannan fentin ruwa siriri sau biyu. Na ce ai wannan karatun kakata ne.

15/ Bana mun ɓamɓare simintin ciki. Muka gyara indararo, muka ɗaga dakali a gindin bango don ruwa ya yi nesa. Ita da kanta ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana nuna mana kaurin farar ƙasar: "Ƙara ruwa, maigida, ba tuwo a kai ba." Damina ta wuce, bango na nan.

16/ Abin da ke damuna, a unguwarmu tsoho ɗaya na samu da ya taɓa kwaɓa laso da hannunsa, kuma ido ya fara gaza masa. Gobe zan koma da waya in naɗi bayaninsa. 'Yan Rabah da Goronyo, in akwai irinsa a wajenku, don Allah ku je ku tambaye shi awon haɗin tun yana iya faɗa. Ku ajiye mana a ƙasan zaren nan.