Yadda ake sanya silin da kayan ciki a motar tsere haɗin gida

A Birtaniya da Amurka akwai mutanen da kan sayi sassan ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, su haɗa ta da hannunsu a garejin gida, sannan su yi mata rajista su hau titi da ita. Aikin silin da sauran kayan cikin motar shi ne kan zo a ƙarshe, kuma da yawa kan ɗauke shi a matsayin ado kawai. To amma a kan wannan aiki ne zafi da ƙara da lafiyar direba suka rataya, kuma a Birtaniya yana iya hana motar samun izinin hawa titi.

Asalin al'adar

Haɗa mota a gida ya bunƙasa a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma haraji na daga cikin dalilai. A wancan lokaci gwamnati na karɓar harajin saye a kan sabuwar mota, amma ba ta karɓa idan an sayar da ita a warwatse. A shekarar 1957 Colin Chapman ya fito da motar Lotus Seven, wadda mai saye kan iya ɗaukar sassanta ya je ya haɗa. Wannan rangwame ya ƙare a 1973 da aka shigo da harajin VAT, kuma a shekarar ce kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ci gaba da ƙera motar.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ke koyar da gina irin wannan mota da kuɗin da bai wuce fam 250 ba, abin da ya ja hankalin sababbin masu sha'awa. A Amurka kuma an kafa kamfanin Factory Five Racing a jihar Massachusetts a 1995.

Motoci irin su Seven buɗaɗɗu ne, rumfar tamfol ake ɗaura musu idan ana ruwa. Batun silin ya shafi masu rufi mai tauri ne, kamar Ultima GTR ta garin Hinckley a Ingila, da motocin da ake kwaikwayon Ford GT40, wadda ta lashe tseren Le Mans na Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969.

Amfanin silin

Galibin waɗannan motoci da faiba ake yin jikinsu, wato zaren gilashi da aka daskarar da wani irin ƙaro. Bayan faiba sumul yake domin shi ne ke kwanciya a jikin mazubi, amma cikinsa kaushi gare shi, wani lokaci da tsinin zaren da kan soki hannu. Amfanin silin na farko ke nan, rufe wannan kaushi.

Na biyu shi ne rage ƙara. Rufin da ba a lulluɓe ba kan amsa rugugin inji kamar ganga. Motar Lotus Elite da aka nuna a 1957, wadda ɗaukacin jikinta faiba ne, ta yi suna wajen kyau da rashin nauyi, amma masu ita sun sha kukan yawan ƙara a ciki. A motocin da injinsu ke bayan kujera, kamar Ultima da GT40, lamarin ya fi tsanani, domin bango siriri ne kawai tsakanin inji da kunnen direba.

Na uku shi ne zafi da raɓa. Motar da aka ajiye a rana zafin cikinta kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Da sanyi kuma, tururin numfashi kan taru a jikin rufin da ba shi da silin, ya riƙa ɗiga.

Sai dai kuma wurin ƙarami ne. Tsayin GT40 daga ƙasa inci 40 ne, wato mita ɗaya da 'yan kai, kuma daga nan ta samo sunanta. A 1967 sai da aka yi wa rufin motar Ford da Dan Gurney ya tuƙa a Le Mans wani ƙullutu domin hular kwanonsa ta samu wuri, saboda tsawonsa ya haura mita 1.9. Har yanzu dogayen masu haɗa irin wannan mota kan nemi a yi musu wannan ƙullutu. Saboda haka kafin a sayi yadi, akan zauna a kujera a auna tazarar da ke tsakanin kai da rufi, domin ita za ta nuna kaurin soson da za a iya sawa.

Hanyoyi uku

Tsohuwar hanya ita ce a ɗinka wa yadi aljihuna, a zura siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, a maƙala su daga wannan gefe zuwa wancan, yadin ya rataya a ɗame. Haka ake yi a yawancin motoci har zuwa shekarun 1970. Tana cin wuri, don haka ba ta cika dacewa da gajeriyar mota ba.

Hanya ta biyu ita ce a manna yadi mai soso kai tsaye a jikin rufin. Ita ce ta fi sauƙi da arha, kuma ba ta cin wuri, amma duk tudu ko ramin da ke jikin faibar zai fito a fuskar yadin.

Hanya ta uku ita ce a yi wani siririn faifai mai siffar rufin, a lulluɓe shi a kan tebur, sannan a ɗaga shi a kafa. Wasu kan yi amfani da rufin kansa a matsayin mazubi: su shimfiɗa leda ko tef a cikinsa, su zuba faiba shafi ɗaya ko biyu, idan ta bushe su ɓamɓare. Aikin ya fi yawa, amma ana iya sauke faifan a duk lokacin da ake son gyara waya.

Zaɓen yadi da gam

Yadin silin da aka fi amfani da shi yana zuwa da soso a bayansa, mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Akwai kuma ledar kujera, wadda ke da sauƙin gogewa amma ta fi nauyi, da fata, da Alcantara, wani yadi mai laushi da masanin Japan Miyoshi Okamoto ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ake kuma sarrafa shi a Italiya. Ana son sa a gaban mota domin ba ya ƙyalli, bare haskensa ya faɗa kan gilashi ya dame direba.

Akan kuma duba yadda yadin ke kama wuta. Tun 1972 dokar Amurka mai lamba FMVSS 302 ta tanadi cewa kayan cikin mota kada su ci wuta da saurin da ya wuce milimita 102 a minti guda. Masu ƙera motoci dokar ta shafa, amma masu haɗawa a gida kan nemi yadin da ya cika wannan sharaɗi. Kafet ɗin ɗaki ko soson katifa ba lalle ne su cika shi ba.

Gam shi ne inda aka fi yin kuskure. Gam na yau da kullum kan riƙe da kyau a garejin da ke da sanyi, amma ranar da motar ta fara shan rana sai ya yi laushi, yadin ya saki. Dole ne a nemi wanda aka yi shi domin jure zafi. Akwai kuma wata matsala da ke zuwa da tsufa: zafi da danshi kan sa soson ya ruɓe ya zama gari, yadin ya rabu da shi ya sauko kan fasinja, kamar yadda ake gani a tsofaffin motoci a ƙasashe masu zafi. Idan haka ta faru ƙarin gam ba ya magani, sai an kankare tsohon soson baki ɗaya an sa sabon yadi.

Matakan aikin

Kafin komai, akan gama duk abin da zai ɓuya a bayan silin. Wayar fitilar ciki, da ta madubi, da ta eriya, duk sai an ja su an gwada an tabbatar suna aiki. Akan kuma zuba wa motar ruwa a ga ko tana yoyo ta bakin ƙofa, domin ruwan da ya shiga bayan yadi kan bar tabo da wari.

Daga nan sai a goge cikin rufin da samfefa, a share ƙura, a wanke da sinadarin da ke cire maiƙo. Ƙurar faiba na cutar da huhu da fata, don haka ana sa takunkumi da safar hannu. Sannan a manna 'yan faifan roba masu nauyi a tsakiyar wurare masu faɗi domin kashe amo. Ba a bukatar rufe ko'ina da su, ganin cewa rashin nauyi shi ne abin da ake nema a irin wannan mota.

Ana fara yanka samfurin da takarda ko kwali, sannan a yanka yadin a bar rarar 'yan santimita a kowane gefe. Akan naɗe yadin biyu, a fesa gam a rabin rufin da rabin yadin, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe da tafin hannu. Idan aka danna da yatsa alhali gam ɗin na jiƙe, soson kan manne ya bar rami na dindindin. Wannan gam ba ya ba da damar gyara, inda ya taɓa nan ya zauna, shi ya sa ake son mutum biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na shafawa. A nan ne sauri kan haifi nawa. Tururinsa kuma na kama wuta, yana sa jiri, saboda haka ƙofar gareji a buɗe ake barin ta.

Masu haɗawa da dama kan sa silin tun kafin a kafa gilashin gaba, wasu ma tun kafin a ɗora jikin motar a kan ƙarfenta, lokacin da ake iya kifa rufin a yi aiki daga sama. Ta haka bakin yadin kan shige ƙarƙashin robar gilashi da ta ƙofa, ba a ganin inda ya ƙare.

Bayan silin sai ginshiƙan gilashi, da bangon bayan kujera, da murfin ƙofofi da akan yanka daga alminiyam ko siririn katako, sannan kafet, kujeru su zo a ƙarshe. Ƙa'idar ita ce daga sama zuwa ƙasa, kowane yanki ya rufe bakin wanda ya gabace shi. Gefen da inji ko bututun salansa ke bi akan sa masa abin tare zafi kafin kafet.

Gwajin hukuma

A Birtaniya, motar da aka haɗa a gida ba ta samun lamba sai ta ci gwaji. An fara da tsarin SVA a 1998, aka maye gurbinsa da IVA a 2009, kuma hukumar DVSA ce ke gudanar da shi. Wani sashe na gwajin ya keɓanta ga kayan ciki.

Jami'in kan ɗauki wata ƙwallo mai faɗin milimita 165, kwatankwacin kan mutum, ya bi da ita cikin motar. A wuraren da dokar ta ayyana, duk wani gefe mai tauri da ƙwallon ta taɓa dole ne ya zama mulmulalle, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba, wato kamar bayan waya mai kaurin milimita 5. Bakin dashbod na ƙasa, inda gwiwa kan buga, ana son lanƙwasarsa ta kai milimita 19 idan mai tauri ne. Dalili shi ne a lokacin haɗari, bakin ƙarfe ko kan noti da ya fito kan zama wuƙa.

Kazalika jami'in na bukatar ganin inda aka ɗaure bel ɗin kujera da kujerun kansu a jikin ƙarfen motar. Wanda ya manne kafet ya rufe waɗannan wurare yana iya ganin an ce ya ɓare. Shi ya sa ake ɗaukar hotunan aikin mataki-mataki, ake kuma kafa wasu sassan da noti ko maɓalli maimakon gam. Motar da ta faɗi gwajin sai an gyara ta, a sake biyan kuɗi, a dawo da ita.

A Amurka kuwa dokokin rajistar irin waɗannan motoci sun bambanta daga jiha zuwa jiha. To amma ko'ina ne, kan direba kusa yake da rufi da ƙarafan kariya da ke zagaye da shi. Don haka masu haɗawa kan naɗe waɗannan ƙarafa da soso mai tauri irin na motocin tsere, ko da doka ba ta tilasta musu ba.