Yadda Tsohuwar Ma'adana Ta Zama Baƙuwa a Sabuwar Kwamfuta

A shagunan gyaran kwamfuta, ba a daɗewa wajen yanke wa tsohuwar ma'adanar bayanai hukunci: ta mutu. An ciro ta daga kwamfutar gwanjo ta zamanin Pentium 4, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu da gidajen intanet a farkon shekarun 2000, an kawo ta gaban sabon madabod. Ko dai a rasa ramin da za a soka wayarta, ko a soka amma BIOS, manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta, bai gan ta ba, ko ya gan ta amma Windows ta ƙi tashi. Galibi kuwa lafiyarta ƙalau. Ƙa'idar da ma'adana da madabod ke gaisawa da ita ce aka sauya sau da dama, kuma kowace irin gardama da take yi a yau tana da shekarar da aka shuka ta.

Ma'adana ta farko, wadda IBM ta fitar a 1956, faya-fayai 50 gare ta masu faɗin inci 24, duk don ajiye haruffa kimanin miliyan 5. Wannan ta manyan ma'aikatu ce. Wadda ta shafi kwamfutar tebur ita ce ST-506 ta kamfanin Seagate, ta 1980, mai megabait 5. Ita ba ta da ƙwaƙwalwar kanta: moto ne da faya-fayai da kawunan karatu. Duk dabarar tana kan wani kati daban da ake sokawa a madabod, wayoyi biyu suna haɗa su, ɗaya mai haƙora 34 ta umarni, ɗaya mai 20 ta bayanai. Katin ne ke shata layukan da za a yi rubutu a kan faifai, kuma kowane kamfani da salon shatinsa. Saboda haka in katin ya lalace, sai an samo irinsa sak kafin a karanta abin da ke ciki. Wanda ya tsinci irin wannan ma'adana yau, babu adaftar kasuwa da za ta cece shi.

A 1984 IBM ta fitar da PC/AT, da katin sarrafa ma'adana na kamfanin Western Digital. Wannan kwamfuta ta zama ma'aunin da kowa ke kwaikwayo, har manhajoji suka saba da yadda ake magana da katinta. Wajen 1986 sai Western Digital da Compaq da Control Data suka yi wata dabara mai sauƙi: a ɗauke katin daga madabod a manna shi a cikin ma'adanar, amma ya ci gaba da amsa umarni tamkar yana inda yake. Abin da aka kira IDE ke nan, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ANSI, ta amince da shi a 1994 da sunan ATA. Waya ɗaya ce mai faɗi, mai haƙora 40, da jan layi a gefe guda don nuna haƙori na farko.

Dabarar ta yi kyau, sai dai ta zo da gado. Tsohon kati ɗaya yana kula da ma'adana biyu. Yanzu da kowace ma'adana ta zo da nata katin, sai aka samu masu iko biyu a waya ɗaya, dole a faɗa wa kowacce matsayinta. Daga nan jampa ta samo asali, ɗan ƙaramin roba mai ƙarfe a ciki da ake sokawa a kan haƙora biyu a bayan ma'adana: MA ta farko, SL ta biyu, CS kuma a bar waya ta raba musu. In biyu suka ɗauki matsayi ɗaya, sai kwamfuta ta tsaya cak, ko ta ga ɗaya, ko ta rasa duka. Na Western Digital ma suna da nasu hali: idan ma'adana ita kaɗai ce a waya, so take a cire jampar gaba ɗaya, in aka bar ta a MA sai ta ɗauki dogon lokaci kafin ta bayyana. Matasan masu gyara da suka koyi aiki a zamanin SATA, magajiyar IDE, ba su taɓa ganin wannan ba, shi ya sa ma'adana mai jampa a SL ke shan hukuncin kisa alhali adaftar ce ke jiran MA. Taswirar jampa tana nan a buge a kan takardar da ke jikin ma'adanar, ba kowa ke dubawa ba.

Waya ma ta canja ba tare da ta canja kama ba. Da saurin tura bayanai ya kai megabait 66 a daƙiƙa a ƙarshen shekarun 1990, sai siginar wannan zare ta fara kutsawa cikin na kusa da shi. Aka sa zaren ƙasa a tsakanin kowane biyu, zare ya koma 80, haƙora suna nan 40. Kan shuɗi na madabod ne, baƙi na ma'adana ta farko, ruwan toka na ta biyu. In aka yi amfani da tsohuwar waya mai zare 40, komai zai yi aiki, amma gudu ba zai wuce megabait 33 ba.

Babban ciwon kai na wancan zamani shi ne girma. BIOS na ƙirga wuri a ma'adana ta lambobi uku: silinda, kai, da yanki. Shi yana iya ƙirga silinda 1,024 da yanki 63, ATA kuma ba ta wuce kai 16. Da aka haɗa raunin wannan da na wancan, aka ninka da bait 512 na kowane yanki, sai aka samu katanga a megabait 528. Ma'adanai sun isa nan wajen 1994. Aka yi wa BIOS kwaskwarima yana fassara lambobi, katangar ta matsa zuwa gigabait 8.4. Aka koma bai wa kowane yanki lamba guda a jere, tsarin da ake kira LBA, amma da bit 28 kawai, wato gigabait 137. Maxtor ce ta ja gaba a 2001 aka faɗaɗa shi zuwa bit 48, Windows XP kuma ba ta fahimci wannan ba sai da gyaran SP1 na 2002. Kullum injiniyoyi na ganin sun bar fili mai yawa, kullum masu ƙera ma'adana na cinye shi cikin 'yan shekaru.

Waɗannan katangu sun rushe, amma magungunan da aka sha dominsu suna nan a jikin tsofaffin ma'adanai. Wasu na da jampa ta musamman da ke sa su yi ƙaryar girmansu, su ce gigabait 32 ne su, don kada tsohon BIOS ya rikice. In ba a cire ta ba, haka za su ci gaba da faɗa wa sabon madabod. Wasu kuma an ɗora musu manhaja irin su Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive, wadda ke tashi kafin Windows ta yi fassarar da BIOS ya kasa. Ta Ontrack tana matsar da komai da yanki 63. Idan aka haɗa irin wannan ma'adana a matsayin ta biyu, manhajar ba ta tashi, sabuwar kwamfuta ta duba inda ta saba ganin jadawalin ɓangarori ba ta gane shi ba, sai ta yi tayin yin fomat. Nan ne ake asarar kundin digiri da hotunan biki, ta hanyar danna "eh" sau ɗaya. Su kuwa waɗanda suka girmi LBA, 'yan ƙasa da megabait 500, yawancin adaftocin USB ba sa jin yarensu sam, sai an nemo tsohon madabod.

SATA ta shigo kasuwa a 2003, siririyar waya mai haƙora 7, ma'adana ɗaya a waya ɗaya, ba jampa ba rabon matsayi. Wayar wuta ma ta sauya daga farin kan nan mai ramuka 4 zuwa baƙi mai haƙora 15. Na 'yan shekaru madabod na zuwa da ramuka iri biyu. Yankewar ta zo a 2006, lokacin da Intel ta cire IDE daga guntun ICH8. Masu ƙera madabod sun san jama'a na da tsofaffin ma'adanai da na'urorin faifan CD, sai suka riƙa manna ƙaramin guntu na JMicron ko Marvell don samar da rami guda. Wannan rami ya wahalar da mutane, domin yana da nasa saiti a BIOS, wani lokaci a kashe yake zuwa, kuma yana buƙatar tasa manhajar direba. Bayan wasu shekaru shi ma ya ɓace, Western Digital kuma ta daina sayar da ma'adanan IDE a ƙarshen 2013.

Ita SATA a karan kanta ta riƙe amana. Ma'adanar 2004 mai gudun gigabit 1.5 za ta yi aiki a ramin gigabit 6 na tsarin 2009, su daidaita gudu a tsakaninsu. Idan ba ta bayyana ba, abin dubawa na farko wuta ce, na biyu kuma littafin madabod, domin a madabod da yawa soka ma'adanar zamani irin ta M.2 na kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, saboda hanya ɗaya suke rabawa.

Bayan sauyin waya da rami, sauyi na biyu ba a ganinsa da ido. SATA ta farko tana shigar burtu ne, tana nuna wa Windows cewa ita IDE ce. A 2004 Intel ta fitar da AHCI, sabon salon umarni da ke ba ma'adana damar jera buƙatu yadda zai fi mata sauƙi, a kuma iya cire ta kwamfuta na kunne. Windows XP ta 2001 ce, ba ta san shi ba. Vista ce ta fara zuwa da shi a ciki. Windows kuwa, musamman tsofaffin, tana kunna direban katin da ta tarar ranar da aka ɗora ta ne kawai. In aka kai ta wani madabod, sai ta fara tashi, ta nemi ma'adanar da ita kanta take ciki ta rasa, ta faɗi da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Maganin da aka sani shi ne a shiga BIOS a mayar da SATA yanayin IDE. Madabod na baya-bayan nan da yawa ba su da wannan zaɓi kuma.

Na uku ya shafi tashi kansa. Tun 1983, da PC DOS 2.0, BIOS na karanta yankin farko na ma'adana, bait 512 da ake kira MBR, ya miƙa masa ragama. Jadawalin da ke ciki na ƙirga da bit 32, don haka ba ya wuce terabait 2.2. Intel ta fara gina magajin BIOS a ƙarshen shekarun 1990 don manyan kwamfutocinta na Itanium, a 2005 ya koma hannun gamayyar kamfanoni da sunan UEFI, tare da sabon jadawali, GPT. UEFI fayil yake nema a wani ɓangare na musamman, ba ruwansa da yankin farko. Don kada a yar da tsofaffin ma'adanai, aka sa masa wani sashe mai suna CSM da ke kwaikwayon BIOS. Windows 8 ta zo a 2012 da Secure Boot, wanda ba ya zama tare da CSM: sai an kashe ɗaya ɗayan zai yi aiki. A 2017 Intel ta sanar cewa za ta daina tallafa wa tsohon salon nan da 2020, Windows 11 ta 2021 kuma UEFI kawai ta sani. Shi ya sa ake ganin ma'adana ɓaro-ɓaro a jerin na'urori amma babu ita a jerin waɗanda za a tashi da su.

A ganina, ƙoƙarin tayar da kwamfutar yau da Windows ɗin da ke kan ma'adanar 2003 ɓata lokaci ne, ko da an ci nasara, domin Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014 kuma babu direbobinta na sabbin kayan. Abin da ke da daraja bayanan ne, su kuwa ba sa buƙatar CSM ko yanayin IDE. Windows ta yau da Linux duk suna karanta MBR da FAT32 da NTFS muddin ma'adanar a matsayin ta biyu take. Ana buƙatar adaftar IDE zuwa USB ko zuwa SATA, jampa a inda takardar adaftar ta ce, da wuta ta daban. Babbar ma'adana mai inci 3.5 na son bolt 12 don juya motonta, USB kuma bolt 5 yake bayarwa; ƙaramar ta laftof, mai haƙora 44, ita ce ke shan wuta ta wayar bayanai. A kasa kunne lokacin kunnawa. In moto ya juya lami lafiya, galibi matsalar ta saiti ce. In ana jin ƙas-ƙas a kai a kai, ko moto na yunƙuri yana kasawa, to ciwon na ƙarfe ne, kuma kowace kunnawa na ƙara shi. Irin wannan, in har tana bayyana, a fara kwafe ta ɗungurungum zuwa wata ma'adana da manhaja irin ddrescue, wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo musu daga baya, sannan a yi binciken fayiloli a kan kwafin.