Daga Rumbu Zuwa Gwangwani: Tarihin Tattalin Gida a Tudun Wadar Sakkwato

Da malaman Hausa suka tashi laƙaba suna ga ilimin da ke nazarin dukiyar ƙasa, ba su je nesa ba. Madafi suka leƙa, suka ɗauko kalmomin da uwargida ta daɗe tana aiki da su, suka ce tsimi da tanadi, wasu kuma suka ce tattalin arziki. Tsimi shi ne a ci kaɗan don abu ya kai, tanadi shi ne a ajiye tun buƙata ba ta zo ba, tattali kuwa kula da abin da ke hannu kada ya salwanta. Duka ukun Bahaushe na yabon mai su, ya kuma raba su da rowa, wadda ita abin kunya ce. Abin da nake son bi a wannan maƙala shi ne yadda waɗannan ɗabi'u suka yi ta sauya kama a unguwarmu, Tudun Wada, cikin birnin Sakkwato. A ganina ma'aunin da gida ke sayen hatsi da shi ya fi kowane kundin gwamnati faɗin gaskiyar halin da mutane ke ciki, kuma wannan ma'auni ya yi ta ƙanƙancewa: daga rumbu ya koma buhu, daga buhu ya koma mudu, yau a gidaje da yawa ya tsaya a gwangwanin madara.

Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya tashi ne da aƙidar gudun duniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya dawo nan daga Sifawa a 1815 ya rasu a 1817, ana ruwaito cewa da tufkar igiya yake samun abin da zai ci, bai dogara ga baitulmali ba. Ƙanensa Abdullahi kuwa, da ya ga wasu jagororin jihadi sun karkata ga tara dawaki da tufafi da manyan gidaje, sai ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Wannan tarihi kowane ɗan makarantar allo a Sakkwato ya ji shi. Sai dai ya kamata a lura, zuhudun malamai zaɓi ne na wanda yake da iko ya tara amma ya ƙi. Tsimin talaka wani abu ne dabam, domin shi fari da fara da haraji ne suka koya masa.

Tsarin da talakan ƙasar Sakkwato ya gada a kan rumbu yake tsaye. Da kaka a girbe gero, a ɗaure shi dami-dami, a zuba cikin rumbu da zangarniyarsa, domin geron da ba a sussuke ba yana iya shekaru bai lalace ba. Maigida ne kaɗai ke da ikon buɗewa, kuma kullum shi ke fid da awo ya ba wadda ke da girki. Manomi mai hankali ba ya taɓa babban rumbu da rani. Maza matasa su tafi cin rani don a rage bakunan da ke ci, abin da ke cikin rumbu kuwa a bar shi sai damina, lokacin da ake aikin ƙarfi kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Fadamun gulbin Rima da na Sakkwato suna cike giɓi da shinkafa da albasa da dankali. Duk da haka rumbu kan ƙare. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, mutane sun ci ganyaye, sun tona gidajen tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, kuma rayuka masu yawa sun salwanta a ƙasar Hausa. Tsofaffin da suka rene mu jikokin waɗanda suka tsira ne, shi ya sa ba su iya ganin ƙwayar gero a ƙasa su wuce.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma abin da ya fi taɓa madafi cikin mulkinsu shi ne kuɗi. Wuri ya mutu, aka kawo anini da kwabo da sule: anini 10 kwabo guda, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Haraji da jangali kuma sai da waɗannan kuɗi, ana karɓar harajin da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha, don haka manomi ya sayar da yawa kafin ya haɗa kuɗin. A wannan zamani ne sunan Tudun Wada ya bazu a biranen Arewa, a Zariya da Kaduna da Kano, ga unguwannin da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a ke zama. Tamu ta Sakkwato, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu, da wannan hali ta girma. Malamin makaranta, akawu, direba, tela, makaniki, mutanen da rumbunsu aljihu ne. Layin dogo bai taɓa isowa nan ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929, saboda haka duk abin da ya fito daga kudu, gishiri ko kananzir ko atamfa, da kuɗin mota a kansa yake iso mana.

Mutanen unguwar ba su yar da hikimar rumbu ba, sun dai mayar da ita buhu. Mahaifina ma'aikaci ne, bai taɓa riƙe fartanya don ci ba, amma da kaka ta yi sai ya haɗa abin da ya tara ya tafi kasuwar ƙauye ya sayo gero da dawa da wake na shekara, a jera buhunan kan katako a ɗakin ajiya, a zuba barkono cikin waken saboda ƙwari. Haka kusan kowane magidanci a layinmu yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai babban aikin tattalin yana can cikin gida, inda masu rubuta tarihi ba su cika leƙawa ba. Kakata ta wajen uwa ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin akawun da ya kai ta lissafi ba. Idan aka surfa gero, dusar ta awaki ce, ruwan tsarin kuma su sha. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, ƙanzon da ya kama tukunya a shanya shi a tara, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Da sanyi, lokacin da tumatir ya cika Kasuwar Daji har ana rasa mai saye, sai ta saya kwando guda ta yanka ta shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa ma haka. Ganyen albasa, wanda a wasu garuruwan zubarwa ake yi, a Sakkwato kirɓa shi ake yi a dunƙula a busar ya zama gabu, ya yi shekara yana ba miya ƙamshi. Idan daddawar kalwa ta yi tsada akwai ta batso. Gyaɗa kuwa sau biyu ake cin ta, a matse mai a soya tunkuza. Tokar murhu ta wanke kwano, tsohon zane ya koma goyo, goyo ya koma tsumma. A zafin watan Afrilu, da rana kan haura digiri 40, randar ƙasa da aka binne gindinta cikin yashi mai laima ita ce firij ɗinta, ba ta cin wuta ba ta cin kuɗi.

Mata suna da bankunansu uku. Na farko akuya da tunkiya, waɗanda ke cin dusa da ragowar abinci su haihu, a sayar ranar da ciwo ko biki ya taso. Na biyu kayan ɗaki: jeren kwanoni da tasoshin da baƙo zai ɗauka ado ne kawai, alhali dukiya ce da za a iya cire guda a kai wa dillaliya ba tare da kowa ya ji ba. Na uku adashi, wanda uwar adashi ke riƙewa ba takarda ba sa hannu, sai amana. Kuɗin zubi daga fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da kitso suke fitowa. A bisa al'ada ci da sha nauyin miji ne, amma duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san sau nawa kuɗin cefane ke gazawa uwargida ta cika daga ƙullin zanenta ba ta ce komai ba. Wannan shi ake kira rufin asiri.

Sau ɗaya tak aka ga kamar an sallami tsimi. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur suka fara kwarara, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da bashin watanni. Babura da rediyo da agogo suka cika unguwa, burodi da shayi suka fara ture koko, shinkafar waje ta shigo tukunyar da a da sai da salla take ganin shinkafa. Ƙauye kuwa bai gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Kasuwa ta ji labarin ƙarin kafin ma'aikaci ya kai gida, tsadar kaya a 1975 ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ba ya karɓar albashi ya biya farashin da bai ci ribarsa ba.

Daɗin bai kai shekara goma ba. Farashin mai ya faɗi, kuma ɗan jiharmu ne, Shugaba Shehu Shagari, ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, shekara guda bayan an yanka mafi ƙarancin albashi naira 125. A zamanin Janar Buhari aka koma bin layi don sayen madara da sukari da sabulu, aka canza launin kuɗi a 1984, aka rufe iyakoki. Ga Sakkwato, wadda Illela da Ƙonni suke mata kamar ɗaki da zaure, rufe iyaka rufe kasuwa ne, kuma ya zo daidai da wani farin, har a wasu sassan Nijar aka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara gangarowa. A shekarun nan gwanjo ya daina zama abin ɓoyo, ma'aikata suka fara kabu-kabu da yamma da baburan da suka saya don ƙawa. Da kananzir ya yi wuya a zamanin Abacha aka ajiye risho, maƙera suka ƙera murhun da ake cusa wa garin katako, jama'a suka sa masa sunan shugaban. A 1995 tsadar kaya ta wuce kashi 70 cikin 100.

A nan ne, a fahimtata, tattali ya juya wa talaka baya. Dukan dabarun da na lissafa a sama suna buƙatar rara, ko da 'yar kaɗan ce. Sai da kuɗin buhu ake sayen buhu da kaka, sai da kuɗin kwando ake yin kauɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina wajen ƙarshen shekarun 1960, ta nuna yadda manomi matalauci ke sayar da hatsinsa da araha da kaka ya dawo ya saye shi da tsada da damina. Ma'aikacin birni ya faɗa irin wannan rami. Wanda albashinsa ba ya kai tsakiyar wata ba ya iya jiran kaka, kullum sai ya auna mudu a farashin ranar. Mai sayen man gyaɗa cokali-cokali da sukari ƙulli-ƙulli da omo a leda, in aka tara abin da ya biya a wata, ya fi mai sayen galan da kwali kashe kuɗi a kan abu ɗaya. Gidan da famfo ba ya zuwa yana sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa a kan kuɗin da ya fi na mai rijiyar burtsatse. Adashi ma ya raunana, domin wadda kwasarta ta zo ƙarshe tana karɓar adadin da ta zuba, amma ba ta karɓar abin da kuɗin ke iya saye ranar da ta fara zubi. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ji mai wadata yana yi wa talaka huɗubar tanadi.

Shekarun baya-bayan nan sun zo a jere ba hutu. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020. 'Yan bindiga sun hana noma a sassan gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, mutanen da a da suke aiko mana da hatsi suka shigo birni suna neman na ci. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, sannan juyin mulkin Nijar na watan Yuli ya sake rufe hanyar Illela har zuwa Maris 2024. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta kai kashi 40 cikin 100, kuma sabon mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, bai kai kuɗin buhun shinkafa guda ba.

Wasu tsofaffin dabaru sun dawo. Gas ya koma gawayi, gawayi ya koma kara. Kwaɗon zogale da rama da tafasa, waɗanda 'yan boko suka raina, sun zama abincin rana. Awara ta tsaya a gurbin nama. Magidanta huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba, wasu matan kuma sun koma zuba adashin hatsi da sabulu maimakon kuɗi, don kwano ba ya faɗuwa kamar naira. Amma yankan ya wuce madafi. Ana cire yaro daga makarantar kuɗi a tsakiyar zango, ana sayen rabin maganin da likita ya rubuta, ana ɗage aure. Akwai kuma abin da babu hukumar da ke ƙididdige shi. A Tudun Wadar da na tashi, da magariba yara ne ke kai-komo da kwanonin ciyayya tsakanin gidaje, kuma kowane gida na da almajirinsa da kwanon zaure na baƙon da ba a san da zuwansa ba. Wannan kwano shi ne ya hana tsiminmu zama rowa. A layinmu yanzu gidajen da ke fid da shi kullum ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, sauran sai ranar Juma'a, wasu kuma sai da azumi.